Na Kai Inna Shagari Ganin Gida

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Sa'idu tela ne daga Bodinga.

Na ji kuna maganar wuraren da mutum zai leƙa a hutun Sallah. Ni mahaifiyata na kai Shagari, garin haihuwarta, don kullum zancenta ta ga ƙawarta Hajo. Har yaji da daddawa ta ɗaure mata.

Da muka isa, ashe gidan su Inna wasu ne a ciki. Ina zaure na ji matar gidan ta ce, "Baƙuwa, daga ina?" Inna ta ce, "Ɗiyata, a ɗakin can anka yanke cibiyata." Ta tambayi labarin Hajo, aka ce ta rasu tun damina, ba wanda ya aiko mana. Da tsarabar a hannu Inna ta je gaisuwar mutuwa.

Tun dawowarmu ba ta sake ambaton Shagari ba, tuwo ma sai ta tura gefe. Jama'a, ku tambayi labarin gida kafin ku kai tsoho. Malam, a ba ni shawara, me zan ce mata ta ci abinci?