Igiyar Awon Ɗaki

A tashar Gwaram, Nasiha na gadin wani ƙaton gadon ƙarfe, tana jiran motar Legas. Wani dattijo da ke zaune a kan benci ya daɗe yana kallon gadon.

"'Yata, wannan jirgin ina za shi?"

"Legas, Baba. Maigidana ya kama ɗaki ɗaya a saman bene."

"Ɗakin Legas? Can in ka yi miƙa sai ka mari maƙwabcinka. Kin auna kuwa?"

"Shi ya auna ɗakin da igiya, ya aiko mini. Ya ce duk abin da ya fi ta tsawo in bar shi a garinmu, Fagam."

Ta zaro igiyar, suka ja ta a jikin gadon. Ta yi daidai cif.

"Ikon Allah! To wannan ƙullin na tsakiya fa? Rabin nan ai igiyar ɗaure akuya ce."

"Ƙari na yi mata. Gadon innata ne, a kansa aka haife ni."

"Ke 'yar nan, igiya kika ƙara, ba ɗaki ba! In gadon ya ƙi shiga fa?"

Nasiha ta naɗe igiyarta a hankali.

"Sai in rako shi gida, Baba. Ai ba zai dawo shi kaɗai ba."