Ƙofar Bayanmu da Hannun Kawu Lawali

Ku yi haƙuri da rubutun nan, ban iya jera magana ba. Ko a aji in malama ta ce in tashi in karanta, muryata maƙalewa take yi. A bayan rumbu nake zaune, in an leƙo sai in ce aikin makaranta ne.

Jiya Baba ya ce yau mai walda zai zo ya liƙe ƙofar bayanmu gaba ɗaya, saboda ɓarayin daji. Wai ta baya suka shiga wani gida a gangare. Ɗakinmu ni da ƙannena shi ne na ƙurya, jikin ƙofar nan. In an liƙe ta, mafita ɗaya ta rage, ta zaure, inda Yaya Sani ke ɓoye jarkokin man babur ɗinsa a bayan buhunan dawa.

Kawu Lawali, ƙanin Innarmu, ya zo daga Zurmi, a gabansa aka yi maganar. Sai bayan la'asar muna ɓarar gyaɗa, ya kifa turmi ya zauna, ya ɗaga murya yadda za ta kai rumfar da Baba ke kishingiɗe, ya ce zai ba yara labarin Ikko. Wai yara.

“Tunkiyar Kakarku anka saida anka yi mani kuɗin mota. Har yau in ta gan ni sai ta tambayi lahiyar tunkiyarta. Ga mu da tashar jirgi nan Kaura, amma jirgin sai a hoto, don haka Shinkafi nit tahi ranar kasuwa, nih hau tirelar shanu. Ni da wani bijimi munka sha hira har Ikko. Shi dai ya san abin da yak kai shi, ni ban sani ba.

“Ɗakin da munka kama, ni da Mamman, wani mutumin Birnin Tsaba mai saida ruwan leda, in ka miƙe ƙafa sai ka shuri maƙwabci. Mai gidan mace ce, Landiledi aka ce mata, na ɗauka sunan yanka ne. Duk wata sai ta tsaya bakin ƙofa: ‘Aboki, kuɗin wuta.’ Nic ce, ‘Mama, wace wuta? Ko ƙwan lantarki babu ɗakin nan.’ Tac ce, ‘Hasken na maƙwabci ba ya shigo maka ta hudar kwano?’ Nic ce, ‘To farin wata fa, shi ma naki ne?’ Tac ce in bari ta tambayi lauyanta.”

Ƙanwata Hafsatu ta yi dariya har ta zubar da gyaɗa. Inna ta harare ta.

“Sai Allah ya ba ni gadi filin ƙwallon wani attajiri. Sitadiyo suka ce mashi, don ku san ba filin makarantar boko ba ne. Mu dai katako munka gani da kwano. Ƙofofi ga su nan ko'ina, manya, amma ta gaba kaɗai aka buɗewa, sauran duk an ɗaure su da sarƙa kar wani ya kalli ƙwallo babu tikiti. Ku kun san babu musiba duniya da ta kai talaka ya ga ƙwallo kyauta. Makullan na aljihun Manaja. Ni ma sarƙar ƙofata burge ni takai, sabuwa dal.

“Ranar wasan ƙarshe, da rana tsaka, fili ya cika har bisa katanga. Ƙarƙashin bencinan katako kuwa shara ce ta shekara da shekaru, leda da takardun tsire. Wani yac ce guntun sigari ne, wani yac ce janareta. Kwamitin da anka naɗa ma har yau bai gama shawara ba. Ni dai hayaƙi nig gani, sannan ihu. Kowa ya sheƙa ƙofar da ta hi kusa da shi. Manaja ya tahi cin abinci, makullai sun raka shi.”

Nan Kawu ya buɗe hannunsa na dama, wanda kullum yake dunƙule cikin aljihu. Mu tun muna ƙanana an ce mana man suya ne ya zubo masa. Tafin ya tattare, yana sheƙi kamar leda, ga sawun zoben sarƙa a jere.

“Ina waje, suna ciki suna dukan ƙarhe. Na kama sarƙa ina ja, ashe ta riga ta yi zahi. Mamman na ciki da farantin ruwanshi, bai hito da rai ba. Tsakanina da su bai kai kaurin wanga turmi ba. Ba ni ce maku ga yawan waɗanda sunka rasu, don gwamnati ta hwaɗi nata, masu wankan gawa sun hwaɗi nasu.”

Ba wanda ya ƙara ɓare gyaɗa. A rumfa ma na ji Baba ya rage muryar rediyo.

“To sai ga doka ta iso, awa dangin nesa, bayan an dawo daga maƙabarta. Manya sunka zo da hulunan kwano ruwan ɗorawa, tumbi na gaba suna biye. Anka ce daga yau ƙofa ta waje za ta riƙa buɗewa. Ba sarƙa in da mutane ciki. A share ƙarƙashin benci. A rataya wani jan tulu, faya istingisha, sunan ya hi tulun nauyi. Bisa kowace ƙofa a manna hoton wani koren mutum yana gudu. Har wurin tsayawa anka zana muna, asambuli foyin, don in ka tsira ka san inda za ka yi kuka. Abin da akuya ta sani in an kulle ta da wuta, sai da anka yi gawa sannan anka rubuta shi da Turanci. Wani tsoho cikin masu hulunan yac ce mani kowane layi na dokar nan, can wata ƙasa wasu sun mutu a kai kahin a rubuta shi. Nic ce, ‘To mu ma mun ba da namu layin.’

“Anka gyara fili, anka shafe baƙin da fenti. Masu dubawa sunka zo, anka ba su shinkafa da kaji, sunka yaba ƙwarai. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Manaja ya miƙo mani sabuwar sarƙa. Nic ce, ‘Oga, koren mutum fa?’ Yac ce, ‘Na hana shi gudu ne? Yana sama, sarƙa na ƙasa.’ Nic ce, ‘Wanga hannu ba ya riƙe sarƙa.’ Yac ce, ‘To ya riƙe jakarshi.’ Shi ne kunka gan ni, da jakar gana-mas-go da 'yar rediyo. Kakarku ta leƙa jakar tac ce ba ta ga tunkiya ba.”

Daga rumfa Baba ya ce, “Lawali, can Ikko wuta kuka tsoro. Nan masu bindiga muka tsoro. Hwaɗa mani wacce ta hi kusa.”

Kawu ya mayar da hannunsa aljihu. “Malam, ni yara nika ba labari.”

Ni dai Baba ma yana da gaskiya, na sani. Amma yau da safe da na kai masa kunu, na durƙusa, ban tashi ba. Ban taɓa yi masa magana ba in ba shi ne ya fara ba. Na ce, “Baba, in wuta ta tashi a zaure, mu na ƙurya ta ina za mu fita?” Ya ce, “Rabi, kawunki ya cika maki kai.” Ya sha kununsa. Na ɗauki kwanon na gudu.

Yanzu mai walda ya zo, ina jin ƙarar injinsa daga nan. Ɗazu na ga Yaya Sani yana fita da jarkoki yana gunaguni, ban san wa ya sa shi ba. Ban iya zuwa in leƙa ba. Ga Hafsatu nan ta zagayo da gudu, wai Baba na kira, wai ba a liƙe ƙofar ba, sakatu aka sa mata ta ciki, manya, in zo in ja ya gani, in hannuna bai iya ba a sake su. Ga shi ma da kansa yana ƙwala min kira, ni kuma tawada duk ta ɓata min yatsu, in ya tambaye ni abin da nake