Shafin da Na Rubuta a Kan Bashir

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Bitrus, wanda kuka fi sani da Bitrus Kuku. Shekara uku ke nan da dawowata daga Jidda, kuma tun lokacin dattawa ke cewa in tashi in ba da shaida, ina ta zillewa. Yau na tashi ne ba don ƙarfin hali ba. Na gaji da ɗaukar maganar ne kawai.

Kamfanin Turawa masu gina hanya da nake yi wa girki a nan ne ya sami aiki a can, suka tafi da ni. Masaukinmu yana bayan gari, babu komai sai yashi da zafi. Babu majami'a. Ran Juma'a da safe mu 'yan kaɗan masu bi mukan taru a ɗakin cin abinci mu yi addu'a a hankali. Na je wata biyu, daga nan na fara cewa aiki ya yi mini yawa.

Kowace Alhamis da yamma Turawan nan sukan zauna su yi wata cacar karta da suke kira foka. A raba wa kowa kati biyar, ka zuba kuɗi in ka yarda da naka, ko ka janye. Ni ke kai musu shayi. Ina tsaye a bayansu, ina ganin katin mutum, ina kuma ganin abin da jikinsa ke yi. Wani tsohon injiniya ya lura da ni, ya ce mini a wasan nan ba kati ake karantawa ba, mutum ake karantawa. Ya koya mini yaushe ake janyewa, yaushe ake burga da katin banza, da inda ya kamata mutum ya zauna. Duk na rubuta a bayan ƙaramin littafina mai baƙin bango, wanda nake rubuta yadda ake dafa abincin Turawa.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Bashir.

Bashir shi ke kawo mana ruwa a tankar mota, wadda a can suke kira wayit. Wata rana ya ji ina zagin tukunya da Hausa, sai ya leƙo ta taga ya ce, "La ilaha! Wa ke Hausa a nan?" Shi Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Bai taɓa ganin Kano ba, amma in ya ambace ta sai ka ce jiya ya baro.

Da shawara ta kwantar da ni, idona ya yi rawaya, Bashir ne ya ɗauke ni ya kai ni gidansa a unguwar Sharafiyya. Mako uku ina kwance a tabarmarsa, matarsa Saudatu tana dama mini kunun tsamiya. Na ce masa, "Ka san fa ni Kirista ne." Ya ce, "Ya Butrus, ciwo bai tambaye ka addini ba, ni ne zan tambaye ka? Sha kununka."

Wannan mutumin ne na ci amanarsa. Ya Ubangiji, ka ji tausayina!

Bayan na warke ya kai ni unguwar Kurayyat, shagon wani Sale mai sayar da kayan mota. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sukan ja ƙofar shagon, su shiga ɗakin baya su shida, su kunna fanka. Sun tsinci wasan nan na foka daga ma'aikatan jiragen ruwa, amma da ka suke yinsa, kowa yana jiran sa'a. Addininsu ya hana, nawa ma ya hana, hukuma kuma in ta kama mutum sai bulala da kora. Duk mun sani, muka zauna.

Ran farko na ci. Ran na biyu na ci. Sai na buɗe wa kowannensu shafi a littafina, ina rubuta halinsa. A kan gwiwata nake ajiye littafin, a buɗe, don ba mai karanta boko a cikinsu, da Larabci da ajami suka tashi. Wasu sun ɗauka addu'ar Kiristoci ce, wasu sun ce asiri ne na zo da shi daga gida. Sale ya nemi in sayar masa, na ƙi. Bashir kuwa roƙo yake yi.

"Ya akhi, ɗan'uwana, koya mini ko kaɗan mana. Ba ni da kai ba ne?"

Ni kuma in yi dariya in ce, "Abu Zainab, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Haka ake kiransa da sunan 'yarsa ta fari.

Gaskiyar ita ce, Bashir ne gonata. In na koya masa, me zan girba?

Shekara biyu muna haka. Kada ku ɗauka akwai daɗi a ciki. Mai ci ma a gajiye yake. Na kai inda ba na iya kallon mutum ban nemi lagonsa ba. Ko a kasuwa, ko wurin gaisuwa, idona na kan hannun mutum da wuyansa. Wasiƙun matata Rifkatu suka taru a ƙarƙashin matashi ban amsa ba. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano, ni da nake kuku.

Wata Laraba da rana Bashir ya gama juye ruwa, ya zo ya zauna a ƙofar kicin. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce Sale ya yarda su yi wasa ɗaya babba ran Juma'a, shi Bashir zai sa wayit ɗinsa. Motar nan shekara tara ya yi yana wahala kafin ta zama tasa. Sunan kafilinsa ne a takarda, Balaraben da ya tsaya masa, amma kowa ya san ta Bashir ce. Da ita yake ci da mutum bakwai.

Ya kama hannuna ya ce, "Butrus, kwana biyu kawai. Karanta mini abin da ke littafin nan. Wallahi in na dawo da abin da na rasa, halas, shi ke nan, na bari."

'Yan'uwa, babu ɗan cacar da bai taɓa faɗin wannan magana ba. Ni kaina na faɗe ta ya fi a ƙirga.

Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Ya tafi, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In na ƙi koya masa, Sale zai raba shi da motar, don Sale ya fi shi sanyin kai. In na koya masa, zai ci sau ɗaya ko biyu, ya ji zaƙi, ya zama irina har abada. Gaba kura, baya sayaki. Kuma kada in yi muku ƙarya a gaban Allah: akwai murya ta uku a cikina da ke cewa, koya masa rabi, ya gode maka, gonarka kuma ta zauna.

Na shiga sito na rufe ƙofa. Tsakanin buhunan albasa na durƙusa, gumi na zuba. Shekara biyu ban yi addu'a ba, na ma manta yadda ake farawa. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Yesu, na gaji. Na gaji da kaina. Ka nuna mini abin da zan yi da mutumin nan."

Ban ji murya daga sama ba, ban ga haske ba. Amma abu ɗaya ya sauka a zuciyata, ya zauna daram: littafi ya roƙa, ka ba shi duka, kada ka tsallake shafi ko ɗaya.

Na yi kuka, domin na san shafin da ake nufi.

Ran Alhamis bayan la'asar na tafi Sharafiyya. Muka zauna a ɗakin nan da na yi jinya. Saudatu ta miƙo shayi ta bayan labule. Na buɗe littafi na fara karantawa: kada ka bi kowane rabo, yawancin kati na janyewa ne, kada ka bi abin da ya riga ya tafi, ka dubi hannun mutum, fuska tana ƙarya. Bashir yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Aiwa, aiwa, ci gaba!" Da na karanta shafin Sale, cewa yakan shafa gemu in katinsa banza ne, ya yi dariya har da buga cinya.

Na juya takarda. Ya ce, "Saura wa?"

Da a ce na ce masa shi ke nan, da ba zai taɓa sani ba. Baƙaƙen nan a wurinsa kamar sawun kaza ne. Na ce, "Saura kai."

Na karanta masa da bakina. "Bashir. In katinsa ya yi kyau yakan tura hula baya." A daidai lokacin hularsa tana can ƙeya don murna. A hankali ya ɗaga hannu ya jawo ta gaba. Na ci gaba. "In burga yake yi yakan ce yalla sau biyu. In an ci shi ba ya iya tashi. Ka zauna a hagunsa. Ka bar shi ya ci da farko." Sai layi na ƙarshe, wanda na ja wa layi a ƙasa da hannuna: "Yana ƙaunarka, ba zai taɓa zarginka ba."

Ƙarar cokalin da Saudatu ke juyawa a bayan labule ta tsaya.

Bashir ya dubi tabarma. Ya ce, "Yaushe ka rubuta wannan?"

Na ce, "Wata biyu bayan na tashi daga tabarmar nan."

Ya ce, "Sake karantawa."

Na sake. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Da ma ya zage ni! Cewa ya yi kawai, "Halas. Tashi ka fita mini daga gida."

Ran Juma'a Bashir bai je shagon Sale ba. Ni ma ban je ba, kuma ban sake taɓa kati ba har yau da nake tsaye a gabanku. Haleluya! Littafin na jefa shi a murhu, har da dabarun girkin da ke gabansa. In kun ji burodina na bikin Kirsimeti bai kai na da ba, yanzu kun san dalili.

Wata takwas na ƙara yi a Jidda. Sau biyu a mako Bashir yana kawo ruwa, ya juye, ya tafi, ko taga ba ya kallo. Na koma taron addu'armu na Juma'a, na amsa wasiƙun Rifkatu, amma duk lokacin da na ji ƙarar motar nan sai in leƙa ta taga.

Ranar da zan taso, ina ɗaure akwati, na ji an ce, "Butrus." Bashir ne, yana zaune a cikin wayit, bai kashe inji ba. Na matso. Ya ce, "Da ka tsallake shafin nan, da na sa maka albarka, da kuma yau a ƙafa nake yawo." Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba. Ya ce, "Ban yafe ba tukuna. Amma Saudatu ta ce a ba ka wannan." Ya ajiye mini ƙullin tsamiya a tafin hannu, ya ja motarsa.

Na rubuta masa sau huɗu, na sa wani malami a unguwarmu ya mayar mini da ajami. Amsa ba ta zo ba. Wani alhaji da ya dawo bara ya ce ya gan shi yana raba ruwa a Sharafiyya, motar tana nan.

Don haka ina gode wa Allah. Ya fitar da ni daga caca, ya bar wa yara biyar abincinsu, bai kuma bar ni na mutu da shafin nan a ɓoye ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana da naka shafin da kake tsallakewa, kada ka jira sai ka gaji irin gajiyata. Ka kai wa Yesu, ka dogara gare shi, ko da abin da zai ce ka yi zai raba ka da wanda ka fi so. Zai riƙe ka, ni shaida ne.

Abu ɗaya nake roƙonku. In kun durƙusa, ku ambaci wani direban motar ruwa a Jidda, sunansa Bashir. Ina jiran wasiƙarsa har yanzu.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.