Maɓallin Hita da Fatihar Liman

A tashar Jalfa, da sanyin safiya, tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal ta direba Lahdar ta ƙi tashi, ga ragunan kasuwa a baya. Wani tsoho ya leƙa ciki, ya tambayi Lahdar.

"Ɗana, wannan ba maɓallin ƙararrawar gida ba ne?"

"Shi ne, Baba. Waya na ja masa zuwa filogan hita. Ka danna, ka karanta Fatiha ɗaya, inji ya ɗumama, ka saki."

"To, me ya faru?"

"Surukina na ara wa motar jiya. Filogan duk sun ƙone."

"Bai iya Fatiha ba?"

"Liman ne. Da tajwidi yake ja."

"Kira shi ya tura mana."

"Ya tayar da sallar walha."

Tsohon ya dubi rana.

"Sauke ragunan su yi kiwo. Sai kasuwar mako mai zuwa."