Butar Shayin Falmata

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki.

Sunana Bukar, ina sayar da atamfa a kasuwar Kwari, ina zaune a Fagge. Iyayena daga Borno suka zo, kuma a gidanmu ba a ɗauke kwanon abinci sai baƙin shayi mai kauri ya iso. Yaro ma da kofinsa. 'Yata Falmata, mai shekara sha huɗu, ita ke dafawa. Takan miƙo mini kofi ta ce, "Baba, ga na gwanaye, kar dai ka saba!"

Bana sai jikinta ya yi sanyi. Hawa bene ya zame mata aiki, kullum tana tauna ƙanƙara, har ta fara fashin makaranta. A wani asibiti a Sabon Gari aka gwada jininta, likita ya ce ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma shayi a kan abinci yana rage abin da jiki ke samu daga wake da zogale. Ya ba ta magani, ya ce a raba shayi da abinci.

Tana samun sauƙi a hankali, amma bayan cin abinci gidan shiru. Ni ma na kife kofina, ba zan sha tana kallona ba. Wallahi ina kewar tsokanar nan tata.

Iyaye masu sauraro, wace cima ce ta taimaki 'ya'yanku? Falmata, na san kina ji. Butarki tana nan, ba wanda ya taɓa ta.