Rigar Sati Uku

A tashar bas ta Memphis a Amurka, muna jiran motar Dayton, wata tsohuwa ta toshe hanci ta dubi mutumin da ke gefenta.

"Bawan Allah, yaushe rabon rigar nan da ruwa?"

"Sati uku, Mama. Tun da na sa ta, ba a ci Kwalejin Marlow Creek a ƙwallon kwando ba. Mu da ake wa dariya mun cinye gasar yankinmu, ga mu a gasar ƙasa baki ɗaya."

"Awa tara zan yi kusa da kai. Cire ta, ka girmi camfi."

"In na cire aka fitar da mu gobe a Dayton fa? Ga Lamont, mai lamba sha biyu, hannunsa rawa yake in zai jefa."

"Jikana ne."

Mutumin ya hau ɓalle maɓalli. "Yi haƙuri, Mama."

"Mayar. Kai ba ka san wasa ba?"

"To, mu zauna tare a filin."

"Ni? Duk ranar da na kalle shi, ko ɗaya ba ya jefawa. A bakin ƙofa zan tsaya, in juya baya."