Shekarar da Na Doki Jimma

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa.

'Ya'ya huɗu muka haifa, uku suna ƙasa. Jimma kaɗai ta rage mini, ita ma na kusa ɓata ta da hannuna.

Kun san ni, dillalin jakai ne tsakanin Dumega da kasuwar Dogon Dutsi. Ba a taɓa cusa mini jaki mai aibi ba. Jimma kuwa baki gare ta, har tsegumin maƙwabta take kawo mini. Tana shekara shida, lokacin da Nasara ke kwasar mutane aikin hanya, farfaɗiya ta fara kayar da ita. Daga nan sai ka ce "kawo ruwa", ta tsaya tana kallon bakinka.

Uwarta ta ce, "Maigida, ɗiyag ga ta kurumce." Na ce bari in gwada ta yadda nake gwada dabba. Na laɓaɓa bayanta na saki ƙwarya. Ta juyo firgigit! Na ce, "Kin gani? Tana ji sarai, taurin kai ne." Na ciro tsumagiyar jakai.

Shekara guda ina dukan yarinyar nan, Allah ya gafarta mini! Maƙwabta suka ware mata ƙoƙon shan ruwa. Wani boka ya ce doguwa ce ta riƙe ta, ya ci baƙin bunsuru, ba abin da ya sake.

A ƙarshe na kai ta wurin baturiya mai ba da magani a mishan, saboda faɗuwar kawai. Ta ga shatar bulala a bayanta, ta dube ni. Ta ce, "Baban Jimma, in Buzu ya yi maka yarensa, kunnenka yana ji?" Na ce yana ji. "Kana ganewa?" Na ce a'a. Ta ce, "To haka Hausa ta koma wa ɗiyarka. Ciwon ya taɓa wurin da ƙwaƙwalwa ke warware magana."

Na fito na durƙusa a gindin dutse da rana tsaka. Ban iya addu'a ba a lokacin. Na ce, "Yesu, in kana ji, ka nuna mini yadda zan yi mata magana." Nan take na tuna: ni ne fa nake gama ciniki da Buzaye da yatsu kawai, hannu cikin hannu ƙarƙashin riga!

Na koma gida na kama hannunta, na fara koya mata. Yatsa ɗaya ruwa, biyu fura. Kwana uku ta gane. Ashe hankalinta garau yake!

Yau shekararta goma sha ɗaya. Tana shan ƙwayar magani, faɗuwar ta ragu, magana tana dawowa kaɗan-kaɗan. Na gode wa Ubangiji da ya ƙwace ta daga ciwo, ya kuma ƙwace ta daga hannuna. Ku dogara gare shi tun kafin ku yi ɓarna irin tawa.

Amma ni ba na ɓoye aibin kaya. Na samu ɗiyata da rai, tana kiran uwarta Inna. Ni kuwa har yau, in na miƙa hannu zan shafa kanta, sai ta kare fuska.